Sigma: Harafin da ke Ba da Umarni



Wannan harafi da na zana a allo, Σ, sunansa sigma, shi ne na 18 a jerin haruffan Girka. Leonhard Euler ne ya ɗora masa aikin tara lambobi, a littafinsa na kalkulas na 1755. Ɗalibi da zarar ya gan shi sai gabansa ya faɗi, alhali kuwa bai zo da wani sabon lissafi ba. Umarni yake bayarwa: fara daga nan, tsaya a can, ga abin da za ka tara.

Ku duba. A ƙarƙashinsa na rubuta k = 1, a samansa 9, a gabansa k. Ku karanta shi da baki, kada ku tsaya kallo: k ya zama 1, sai 2, sai 3, har 9, a haɗa su duka. An sami 45. Mu kuwa a ƙasar nan ba baƙin 45 ba ne. Hatimi mai gida tara da malamanmu ke zanawa, lambobinsa 1 zuwa 9 ne. Raba 45 a kan layuka uku ka sami 15, abin da kowane layi ke bayarwa ko ta ina ka bi shi. Muhammad ɗan Muhammad al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake gina irin waɗannan hatimai. Da kalmomin Larabci ya yi bayaninsa, don a zamaninsa harafin bai shigo lissafi ba tukuna.

Wani zai ce, me ya hana a rubuta lambobi uku kawai a bi su da ɗigo-ɗigo? To, ga 3 + 5 + 7 + … Me ke biye? Wani ya ce 9. Wani ya ce 11, don shi lambobin da ba sa rabuwa yake bi, kuma ba ka isa ka ƙaryata shi ba. Rubuta 2k + 1 a gaban sigma, gardama ta ƙare.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne ƙirga. Daga k = 0 zuwa 10, lambobi 11 za ka tara. In kuma 5 ce kawai a gaban harafin, daga 1 zuwa 4, amsar 20 ce, don sau huɗu aka ce ka ɗauko ta.

Yanzu a goge lambar sama a sa ∞, wato babu wurin tsayawa. Rabi, da rubu'i, da sumuni, kowanne rabin wanda ya gabace shi: jimlar tana ta matsowa kusa da 1, ba ta taɓa wuce shi. Sai mutum ya zaci duk jerin da lambobinsa ke ƙanƙancewa haka zai yi. Ina! Gwada 1 + 1/2 + 1/3 + 1/4, haka har abada. Tun a ƙarni na 14 Nicole Oresme, wani malamin Faransa, ya warware wannan da dabarar da ɗan sakandare zai iya bi. Sulusi da rubu'i in an haɗa sun fi rabi. Huɗun da ke biye, 1/5 zuwa 1/8, su ma sun fi rabi, tunda babu wanda ya gaza sumuni a cikinsu. Takwas na gaba haka, sha shida na gaba haka. Rabi bisa rabi ke ta taruwa ba iyaka, saboda haka duk lambar da ka ambata, ko miliyan ce, jimlar za ta wuce ta.