Da Jamus Ta Ƙera Wani Jirgin Farauta Kafin 1914



Masu sha'awar tarihin yaƙin teku suna da wata tambaya da ba sa gajiya da ita: da a ce Jamus ta ƙera jirgi na musamman domin farautar jiragen kasuwancin Ingila kafin 1914, wace siffa zai ɗauka? Yawancin zane-zanen da ake ƙirƙira kan wannan tambaya hanya ɗaya suke bi. A ƙara igwa, a kaurara sulke, a ƙara gudu. Abin da na zo karewa a gabanku shi ne cewa wannan hanya ta saɓa wa abin da yaƙin kansa ya nuna. Kwal da wurin gyara su ne suka yanke wa maharan Jamus hukunci, kuma duk zanen da bai fara daga nan ba, ado ne kawai a takarda.

Tun daga dokokin rundunar ruwa na 1898 da 1900, Alfred von Tirpitz ya zuba dukiyar Jamus a manyan jiragen yaƙi da za su tsaya gaban Ingila a Tekun Arewa. Ƙananan jiragen kuruza an ƙera su ne su yi wa wannan runduna leƙen asiri, su kuma nuna tuta a ƙasashen mallaka. Emden irin su ne: nauyinsa kusan tan 3,600, igwa goma masu bakin santimita 10.5, gudunsa kusan kilomita 44 a awa. Amma a hannun kyaftin ɗinsa Karl von Müller ya kama ko ya nutsar da jiragen kasuwanci fiye da ashirin a Tekun Indiya, ya ƙona tankunan mai na Madras ranar 22 ga Satumba 1914, ya shiga Penang ya nutsar da jirgin yaƙin Rasha Zhemchug. Wanda ya bi tafiyar daki-daki zai ga rabin dabarar Müller neman kwal ce. Yana jan jirgin dakonsa Markomannia a baya, yana riƙe jiragen kwal da ya kama irin su Buresk, yana neman tsibiri mai kwanciyar ruwa inda matuƙa za su yini suna sauke buhuna a cikin zafin rana. Ranar 9 ga Nuwamba jirgin Ostareliya Sydney ya riske shi a tsibiran Cocos da igwa masu bakin santimita 15, ya ragargaza shi daga nesa.

Masu ƙara igwa a nan suke kafa hujja, kuma ba na raina ta. Sai dai a dubi jiragen Jamus Scharnhorst da Gneisenau, kowanne da igwa takwas masu santimita 21. Sun ci nasara a Coronel ranar 1 ga Nuwamba 1914, amma sun ƙone kusan rabin manyan harsasansu, babu kuma inda za su samo wasu. Ingila ta aiko jiragenta Invincible da Inflexible, ranar 8 ga Disamba aka nutsar da jiragen Jamus ɗin duka biyu a Falkland. Duk girman da za mu ba jirgin da muke ƙirƙira, Ingila tana da wanda ya fi shi, domin irin wannan farautar na cikin dalilan ƙera waɗannan jirage nata. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a zane-zanen: ana sake wa Jamus shawara, a bar abokin gaba tsaye kamar ba zai mayar da martani ba.

Batun mafaka ya fi wannan tsanani. Yarjejeniyar Hague ta 1907 ta ba jirgin yaƙi awa 24 kacal a tashar ƙasar 'yan ba-ruwanmu, kuma idan ya ɗauki kwal a can ba zai sake ɗauka a ƙasar ba sai bayan wata uku. Tashoshin Jamus kuwa sun zube da wuri. Babbar tashar wayar iska ta Kamina a Togo, wadda ke haɗa Jamus da jiragenta na Atlantika, Jamusawa da kansu suka rushe ta a Agusta 1914. Duwala ta faɗi a ƙarshen Satumba, Tsingtao ranar 7 ga Nuwamba. Jirgin Jamus Königsberg ya shiga bakin kogin Rufiji ne don injinsa na neman gyara, sai da aka ɗauki sassansa ta ƙasa zuwa Darussalam, kafin a gama Ingilishi sun toshe masa hanya. Jirgin kasuwanci ɗaya tak ya kama a duk yaƙin.

To su wa suka yi ɓarna mai yawa? Jiragen dako ne da aka ɓoye wa igwa. Möwe asalinsa Pungo ne, an ƙera shi don jigilar ayaba daga Kamaru. A tafiya biyu ya kama ko ya nutsar da jirage kusan arba'in, nakiyoyinsa suka halaka babban jirgin yaƙin Ingila King Edward VII, a Janairu 1916 kuma ya kama Appam na kamfanin Elder Dempster yana dawowa daga Afirka ta Yamma. Wolf ya ma fi ba ni mamaki. Gudunsa bai wuce kilomita 20 a awa ba, amma cikinsa na ɗaukar kwal tan dubu shida da wani abu, yana da ƙaramin jirgin sama na leƙe. Ya bar Kiel a ƙarshen Nuwamba 1916, ya dawo a Fabrairu 1918, kwana 451 bai shiga tashar kowa ba. Tafiyar hawainiya ce, kuma sauya kama irin na hawainiya ne ya kai shi gida.

Saboda haka, da ni aka ba takarda da alƙalami a 1910, ga abin da zan zana. Jirgi mai tan dubu shida zuwa bakwai, igwa shida masu santimita 15, isassu don korar ƙaramin kuruza, ba don neman faɗa ba. Sulke kaɗan a kan injin da ma'ajiyar harsasai. Sauran nauyin duka ya tafi ga rumbun kwal, maƙera mai iya gyaran tukunyar tururi a tsakiyar teku, kwarangar lodin kwal, nakiyoyi, da ɗakunan fursunoni da na ƙarin matuƙan da za su tuƙa jiragen da aka kama. Bututun hayaƙi da turakunsa a yi su yadda za a sauya musu siffa cikin dare. Müller ya yi haka da bututu na huɗu na ƙarya don ya yi kama da jirgin Ingila. Injin kuwa na tsohon yayi mai fistan, irin na Emden, saboda ya fi tsimin kwal a tafiyar hankali.

Wani zai ce me ya hana dizal? Jarabar tana da ƙarfi. Jirgin Denmak Selandia ya fara aiki da dizal a 1912, kuma Jamus ta yi niyyar sa babban injin dizal a Prinzregent Luitpold, amma bai kammala ba, jirgin ya yi yaƙin babu shi. Wanda ya sa irin wannan injin a zanen 1910 ya ari shekara ashirin daga gaba. Da lokacin ya yi, an ƙera abin da masu ƙara igwa ke mafarki: Deutschland na 1931 da 'yan'uwansa, igwa shida masu santimita 28 da injin dizal mai dogon zango. Ɗaya daga cikinsu, Admiral Graf Spee, ya nutsar da jiragen kasuwanci tara a 1939. Kuruza uku na Ingila, kowanne bai kai shi ƙarfi ba, suka ji masa rauni a bakin kogin Plate. Yurugwai ta ba shi awa 72 ya yi gyara a Montevideo, ba su isa ba, ranar 17 ga Disamba matuƙansa suka nutsar da shi da hannunsu.