Jawabin Babban Baƙo Mai Jawabi a Bikin Yaye 'Yan Ƙwallon Kwaleji da Suka Kammala Horon Kasuwanci



  

Shugaban taro, matasan da ke zaune a gabanmu duk sun taɓa sa rigar wannan kwaleji sun shiga fili. A cikinsu akwai wanda gwiwa ta kwantar, akwai wanda ya je gwaji ƙungiya bayan ƙungiya ana ce masa ya dawo baɗi, akwai kuma wanda wani eja ya karɓe wa iyayensa kuɗi da sunan zai kai shi Turai, daga nan wayarsa ta daina shiga. Yau ga su da takardar shaidar horon kasuwanci a hannu. Saboda su na zaɓi in kawo labarin wasu samari biyu 'yan Amurka, waɗanda aka haifa a shekara guda, 1972, suka buga wa jami'o'insu ƙwallo, kuma dukansu babu wanda ya kai inda ya yi buri a fagen wasan.

Ƙwallon da suka buga irin ta Amurka ce, wadda ake runguma a gudu ana bangazar juna, 'yan wasa sanye da hular kwano da sulken kafaɗa. A can, jami'a ce matattakalar shiga babbar gasar ƙwararru ta NFL mai ƙungiyoyi 32. Dubban ɗalibai ke bugawa kowace shekara, amma waɗanda ake ɗauka ba su kai biyu cikin ɗari ba. Waɗanda aka ɗauka ɗin ma, a tsakaice shekara uku da 'yan kai suke yi kafin rauni ko sabon jini ya ture su. Wannan fa a ƙasar da wasa ke da kuɗi ke nan, ga asibiti, ga inshora. Ku auna da namu halin.

Na farkonsu kun san shi, domin kun sha ganinsa a fim da kokawar resilin: Dwayne Johnson, wanda ake kira The Rock. Ya shiga Jami'ar Miami a 1990 da tallafin karatu na 'yan wasa. Tun a shekararsa ta farko kafaɗarsa ta goce, aka yi masa aiki, ya shiga damuwa, makinsa ya zube har makaranta ta yi masa gargaɗi. Ya farfaɗo, yana cikin tawagar da ta ci kofin ƙasa na jami'o'i a 1991, sai dai gurbin da yake nema wani ya riga shi: Warren Sapp, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasan NFL. Johnson ya fi zama a benci. Da ya gama a 1995, babu ƙungiyar NFL ko ɗaya da ta kira sunansa. Ya tsallaka Kanada, ƙungiyar Calgary Stampeders ta riƙe shi cikin 'yan atisaye, bayan kamar wata biyu koci ya sallame shi. Yana ɗan shekara 23 ya koma gidan iyayensa, kuma kamar yadda ya sha faɗa da bakinsa, da ya buɗe walat ɗinsa a hanya dala bakwai ya tarar.

Abin da ya yi bayan nan nake so ku riƙe. An sake kiransa daga Kanada ya ce a'a, ya rufe wannan babi. Ya roƙi mahaifinsa Rocky Johnson, tsohon ɗan kokawa, ya koya masa sana'ar gidansu. Ya fara a ƙananan dandali a birnin Memphis ana biyansa dala 40 a wasa. Da ya shiga babban kamfanin kokawa a 1996, 'yan kallo ihu suka riƙa yi masa, sai da ya sauya salo kafin suka karɓe shi. Daga nan fim, daga fim kuma kasuwanci. A 2012 shi da Dany Garcia, tsohuwar matarsa da aure ya mutu amma amanar ciniki ba ta mutu ba, suka kafa kamfanin shirya finafinai suka sa masa suna Seven Bucks, wato dala bakwai ɗin nan. A 2020 kuma, su biyun tare da kamfanin zuba jari na RedBird suka sayi gasar ƙwallo ta XFL da ta durƙushe, a kan dala miliyan 15. Kowace ƙungiyar NFL 'yan wasa 53 take riƙewa, shi kuwa yakan kira kansa na 54, wanda aka rufe ƙofa yana bakinta. Gasar da ya saya ta irin waɗannan ce, masu ƙwazon da ba su sami gurbi ba. Wani hani ga Allah baiwa ne.

Na biyun ba ya fitowa a fim, amma da yawa cikinku kun sa hajarsa ko kun ga tambarinta a kasuwar Kantin Kwari da wurin 'yan gwanjo. Sunansa Kevin Plank. Manyan jami'o'i ba su neme shi ba, da ƙafarsa ya je ya nemi shiga ƙungiyar Jami'ar Maryland ba tare da tallafin karatu ba, ya yi ta fama har ya zama kyaftin na wani rukuni a cikinta. Ya san NFL ba tasa ba ce. Tun yana ɗalibi yake sayar da furanni yana tara ɗan abin da ya samu. Abin da ya fi damunsa a fili kuwa shi ne singiletin auduga da suke sawa ƙarƙashin sulke: ta jiƙe sharkaf da gumi, ta yi nauyi, sai an yi ta canzawa. Ya lura gajeren wandon roba da ke jikinsa ba ya riƙe gumi haka. Sai ya shiga shagunan yadi yana neman irin wannan ƙyalle, ya kai wa tela, ya raba wa tsofaffin abokan wasansa su gwada su faɗa masa gaskiya. A 1996 ya kafa Under Armour a ɗakin ƙasa na gidan kakarsa a birnin Washington, yana loda riguna a bayan mota yana bin jami'o'i. Cinikin shekarar farko dala 17,000 ne. A 2005 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari, a 2010 cinikinsa na shekara ya haura dala biliyan 1. A 2016 kuma kamfaninsa ya ƙulla yarjejeniyar fitar da kayan motsa jiki da Dwayne Johnson.

'Ya'yana, ga abin da ya haɗa mutanen nan biyu, kuma shi ne saƙona gare ku. Kowannensu, abin da ya ƙuntata masa a fili shi ya mai da haja. Ɗaya gumi ya dame shi, ya sayar wa duniya rigar da ba ta riƙe gumi. Ɗaya an hana shi gurbi, ya sayi gasa domin waɗanda aka hana gurbi. Shekarun da kuka yi kuna atisaye tun asuba ba su tafi a banza ba, domin kun san abin da ɗan wasa ke buƙata fiye da duk wani mai shago a Sabon Gari. Kun san wane takalmi ne ke ɓallewa a filin ƙasa mai tsakuwa. Kun san yadda ƙungiyar unguwa ke wahalar samun mai buga mata suna da lamba a riga kafin ranar gasa. Kun san yaro mai basira da ya rasa wanda zai ɗaukar masa bidiyon wasansa mai kyau ya aika wa ƙungiya. Kun san yadda matasa ke layin hayar ƙaramin fili mai ciyawar roba da dare. Kun san zafin targaɗen da aka ɗaure ba daidai ba, kuma a cikinku akwai wanda zai iya komawa aji ya karanci gashin ƙashi da jijiya a ilmance. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙofar abinci ce. A nan gida ma muna da misali: Ahmed Musa, da ya yi suna a Kano Pillars kafin ya fita waje, bai jira ƙafa ta gaji ba, ya buɗe cibiyar wasanni da motsa jiki a Hotoro cikin Kano a 2017.

Sai dai ba zan yaudare ku ba. Kasuwa ma tana da nata rauni. Gasar da Johnson ya saya ta tafka asarar miliyoyin daloli a kakar 2023, dole ta haɗe da wata gasa mai suna USFL suka zama UFL a 2024. Kamfanin Plank ya shiga tangal-tangal daga 2017, har ya sauka daga kujerar shugabancinsa, sai a 2024 ya dawo. Sannan Johnson ya tarar da uba mai sana'a, Plank ya tarar da ɗakin da ba ya biyan haya da wutar da ba ta ɗaukewa, ya kuma ci bashin banki mai kuɗin ruwa, wanda ba na ba ku shawarar ku kwaikwaya. Ban kawo labarinsu don ku yi mafarkin biliyan ba. Shago guda mai ciyar da gida, ya biya kuɗin makarantar ƙanne, ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu aiki, babbar nasara ce.

Don haka ga nasiha. Ku riƙe littafi, duk abin da ya shigo da wanda ya fita ku rubuta a ranar. Ku raba uwar kuɗi da riba, ku raba aljihun shago da na cefane. Ku yi hattara da bashi, domin abokan wasanku su ne masu sayenku na farko, kuma su ne za su fara cewa "rubuta mini, sai an biya mu alawus". Kunyar aboki ta rufe shaguna da yawa. Ku yi wa sana'arku rajista a hukumar CAC, ku buɗe mata asusun banki da sunanta. Wanda ya ga bai ƙware ba, kada girman kai ya hana shi zama ƙarƙashin ubangida shekara ɗaya ko biyu; wanda ya jure tsawar koci zai jure faɗan maigida. Kuma kada ku ci amana, ko ta naira ɗaya ce.

Iyayenmu, na san wasunku sun sayar da gona ko dabba don yaro ya tafi gwaji, abin bai yiwu ba. Ina roƙonku ku daina yi masa gori. Ya ji a jikinsa fiye da kowa. Ku sa masa albarka, in da hali ku zama masu sayensa na farko, ku biya lakadan.

Alhazanmu 'yan kasuwa, ga yara masu tashin asuba, masu jin magana, waɗanda suka saba aiki cikin ƙungiya. Ku buɗe musu ƙofar shagunanku, ku ba su sari a kan amana, ku sallame su da jari idan lokaci ya yi, kamar yadda iyayen gidanku suka yi muku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga hukumar kwaleji kuma, ina yaba wannan tunani, ina kuma roƙon kada a jira sai yaro ya karye kafin a koya masa lissafin ciniki. A fara tun ranar da aka ba shi riga. Rigunan da kwaleji za ta kai gasar wasannin kwalejoji ta NIPOGA mai zuwa, a ba waɗannan ɗalibai kwangilar ɗinka su da buga musu lamba. Mai girma Hakimi, wakilin Mai Martaba Sarki, ranka ya daɗe, muna roƙon a isar wa Mai Martaba da hukumomi cewa filayen unguwanni da ake yankawa ana gina shaguna su ne makarantar farko ta yaran nan, kuma su ne kasuwarsu ta gobe. A taimaka a bar musu su.

'Ya'yana, ina taya ku murna. Allah ya sa albarka a takardun da za ku karɓa, ya buɗa muku ƙofofin halal, ya haɗa ku da abokan ciniki na gari, ya kare ku daga mugun bashi da mugun aboki. Waɗanda ke jinya Allah ya ba su lafiya. Allah ya saka wa malamai da iyaye da alheri, ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.