Tsaron Ƙofofin Kwamfuta: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

Ba sai an tsaya ana gaya wa hakiman ƙasar Bagudo amfanin ƙofa ba. Iyakar da ke tsakaninsu da Jamhuriyar Benin, wadda a da ake ce da ita Dahome, tana da mashigai sanannu, kamar na Lolo kusa da Kogin Kwara, da na Tsamiya a kan hanyar Segbana. Kowa kuwa ya sani mai fasa-ƙwauri ba ya son bin nan, sai ya nemi ɓarauniyar hanya ta daji ko ta ruwa. To, abin da ake so a bayyana cikin wannan jawabi shi ne, kwamfutar da aka ajiye a ofis, muddin an haɗa ta da intanet, ita ma a bakin iyaka take zaune, tana kuma da ƙofofin da ke bukatar tsaro.

Ga yadda abin yake. Kowane saƙo da ya nufo na'ura yana ɗauke da adireshinta, da kuma lambar ƙofar da yake so ya shiga. Lambobin nan sun tashi daga 0 har zuwa 65,535, waɗansunsu kuwa an keɓe su don ayyuka sanannu. Ta 443 ake karanta shafukan intanet cikin sirri, ta 25 wasiƙu ke bi tsakanin manyan na'urori, ta 445 kwamfutocin ofis ɗaya ke miƙa wa juna takardu, ta 3389 kuma mai gyara ke sarrafa na'ura daga nesa kamar yana zaune gabanta. Ana cewa ƙofa a buɗe take idan akwai wata manhaja a bayanta mai amsa sallamar duk wanda ya ƙwanƙwasa.

Kada malami ya ce, "Wa ya san da ɗan ofishin nan namu?" Masu kutse ba zaɓe suke yi ba. Na'urori suke saki su yi ta bin adireshi ɗaya bayan ɗaya, dare da rana, suna taɓa ƙofofi kamar ɓarawon da ke zaga rumfunan kasuwa yana jijjiga kwado. Inda ya ji sako-sako nan zai tsaya.

An ga aikin wannan a ranar 12 ga Mayu, 2017, sa'ad da wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta ɓulla. Ta ƙofa ta 445 ta riƙa shiga, ta kulle takardun da ta tarar, sa'an nan ta nemi fansar dala 300 kafin a buɗe. Cikin 'yan kwanaki ta kama na'urori fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150, har a Ingila aka soke ganin likita kimanin sau 19,000. Abin takaici shi ne, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, kuma ƙofar nan ta aikin cikin gida ce, ba ta da dalilin fuskantar waje ko kaɗan. Haka kuma a 2016 wata cutar, Mirai, ta bi ta ƙofa ta 23 tana gwada kalmomin sirri kimanin 60 waɗanda masana'antu kan saka wa kyamarorin tsaro da akwatunan intanet, masu su ba su sake ba. Da ta tara dubban na'urori sai aka tura su gaba ɗaya kan wani kamfani a Amurka, manyan shafuka suka tsaya na sa'o'i.

Mai tsaron ƙofofin nan shi ake kira fayawol, watau ganuwar na'ura. Akwai shi cikin Windows, akwai shi kuma cikin akwatin da ke kawo intanet ofis, ba sai an kashe kuɗi an sayo wani ba. Sauƙin aikinsa shi ne ba ya kwance kaya. Lambar ƙofa da adireshin da saƙo ya fito kawai yake dubawa, idan ba su cikin waɗanda aka yarda da su sai ya yar da saƙon tun daga waje, na'ura ba ta ma san an zo ba. A nan kwamfuta ta fi iyakar ƙasa daɗin tsaro, gama hanyoyin daji ba su ƙidayuwa, amma ƙofofin na'ura ƙidayayyu ne, kowace kuma tana rufuwa.

Amma fa rufe kome da kome yana da nasa lahani. Mutanen bakin iyaka ba su manta ba da yadda ciniki ya tsaya bayan da Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakoki a watan Agusta, 2019, mai kayan halal da mai na haram duka aka tare su. Hanyar da ta fi ita ce a fara da rufe dukan ƙofofin shigowa, sa'an nan a buɗe wadda aiki ya bukata kaɗai, ga wanda ya bukace ta kaɗai. Ofishin da aikinsa bai wuce aika wasiƙu da cika takardun gwamnati ba, ba shi da bukatar barin ko ƙofa ɗaya a buɗe ga na waje, domin amsar saƙon da shi ya fara aikawa ganuwa takan gane ta, ta bar ta ta wuce.

Ya kamata a sani har wa yau, ganuwa ba ta kama wanda ya ɓoye mugun kaya cikin motar da ke da takardar izini. Wasiƙar yaudara ta halattacciyar ƙofa take shigowa, malami ne da hannunsa ke buɗe abin da aka liƙa mata. Saboda haka tilas ne a riƙa sabunta manhaja duk lokacin da gyara ya fito.

Abin da ake roƙon kowane hakimi shi ne ya sa malaminsa ya buɗe littafi, kamar na haraji. Duk ƙofar da mai gyara ya buɗe a rubuta lambarta, da dalili, da sunan wanda ya ba da izini, da ranar da za a rufe. Idan ta 3389 ce, a ƙayyade ta ga adireshin mai gyaran shi kaɗai, a kuma rufe ta ranar da ya gama. Sabon akwatin intanet ko kyamara kuwa, kada a jona shi sai an sake kalmar sirrin da ya zo da ita daga kanti. A ƙarshen kowane wata malami ya kawo littafin gaban hakimi, a gwada shi da abin da ke buɗe a na'ura.