GOYO, KUJERAR FARKO TA JARIRI

Jawabin wayar da kan jama'a da aka shirya domin tarurrukan iyaye a Malkohi da Yola da Jimeta, Jihar Adamawa



Maƙasudin wannan jawabi shi ne jawo hankalin jama'a ga wani al'amari da ake gani ƙarami, alhali kuwa tafiyar mutum ta duk tsawon rayuwarsa tana iya rataya a kansa, watau yadda ake ɗaukar jariri da yadda ake zaunar da shi a watanninsa na farko. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, haka ƙashin jariri yake.

YADDA GAƁAR TAKE

A kwatangwalo ne ƙashin cinya yake haɗuwa da ƙashin ƙugu. Kan ƙashin cinyar a mulmule yake, yana zaune cikin wani gurbi mai siffar ƙoƙo. Sa'ad da aka haifi yaro, akasarin wannan gaɓa guringuntsi ne mai taushi, gurbin kuma bai yi zurfi ba. Zaman da kan ƙashin yake yi daram a tsakiyar gurbin, tare da motsin da yaro ke yi da ƙafafunsa, shi ne ke ƙara wa gurbin zurfi har gaɓar ta yi ƙwari.

Zaman da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne cinyoyi su buɗe, gwiwoyi su lanƙwashe su ɗan ɗara ɗuwawu tsawo, kamar dai zaman kwaɗo. Amma idan aka miƙe ƙafafun jariri aka haɗe su aka ɗaure, kan ƙashin yakan tunkuɗo zuwa bakin gurbin. In abin ya daɗe, sai gurbin ya tashi ba zurfi, wani lokaci ma ƙashin ya goce gaba ɗaya. Abin tsoro a nan shi ne ciwon ba ya yi wa jariri zafi, saboda haka ba ya kuka a kansa. Sau da yawa sai yaro ya fara tafiya sannan a ga yana ɗingishi, ko kuwa sai ya girma ciwon gaɓa ya kama shi tun yana da sauran ƙuruciya.

ABIN DA AKA GANI A WASU ƘASASHE

A ƙasar Jafan, a dā al'ada ce a naɗe jariri da ƙafafunsa a miƙe, gocewar kwatangwalo kuwa ta yi yawa ƙwarai. A shekarar 1975 likitocin ƙasar suka fara yaƙin wayar da kan iyaye a faɗin ƙasa, cewa a bar ƙafafun jarirai su sake. Cikin 'yan shekaru ciwon ya ragu daga fiye da jarirai 10 cikin dubu zuwa kamar 2 cikin dubu. Ba allura aka yi ba, ba kuma magani aka raba ba, al'ada kurum aka gyara. Haka nan an sami yawan wannan ciwo a cikin kabilar Nabaho ta Amurka, waɗanda suke ɗaure jariri a miƙe bisa wani katako.

A nahiyar Afirka kuwa labarin dabam ne. Akwai wani bincike da aka buga a shekarar 2015, daga wani asibitin ƙashi na yara a birnin Balantaya ta ƙasar Malawi. An duba takardun yara fiye da 40,000 da asibitin ya karɓa cikin shekara 10, ba a sami jariri ko ɗaya da aka kawo saboda irin wannan gocewa ba. Likitocin da suka yi binciken sun danganta wannan da goyo, wanda matan Malawi suke yi kamar yadda matan Nijeriya suke yi.

Ashe ke nan, uwar da ta ɗora ɗanta a baya, ta ware cinyoyinsa a ƙugunta, ta tallafe ɗuwawunsa da zane ta ɗaure da majanyi, ta riga ta ba shi zaman da likitocin duniya suke yabawa a yau. Da tsohuwar zuma ake magani.

SABABBIN KAYA A KASUWA

Malkohi tana daga cikin wuraren da suka karɓi 'yan gudun hijira tun daga shekarar 2014, iyalai da yawa kuwa sun sake kafa gida daga tushe. Kada wata uwa, a can ko a ko'ina, ta ɗauka cewa ta tauye ɗanta don ba ta da kuɗin sayen kujerar jarirai ko jakar goyo irin waɗanda ake gani a kasuwar Jimeta. Waɗannan kaya ba laifi ba ne, amma da goyo za a auna su. Wanda zai saya, sabo ko na gwanjo, ya lura da abubuwa huɗu:

1. Gindin jakar goyo ya zama mai faɗi, ya tallafi cinya tun daga bayan wannan gwiwa zuwa bayan waccan. Wadda ta riƙe yaro ta tsakanin ƙafafu kawai, ƙafafun suna reto, a bar ta, musamman kafin wata 6.

2. Kujera ta bar wa cinyoyi fili su buɗe. Kujerar mota kariya ce a kan hanya, amma in an sauka a fitar da yaro, kada ta zama wurin wuninsa.

3. Keken da ake zaunar da yaro ciki yana tura kansa ba ya koya masa tafiya, yana kuma kai shi ga wuta da ruwan zafi da matakala. Ƙasar Kanada ta hana sayar da shi tun 2004.

4. In za a naɗe jariri saboda hunturu, a naɗe ƙirji da hannuwa, a bar ƙafafu su lanƙwashe su motsa.

Haka kuma masu zaunar da yaro cikin baho ko kwali, a kewaye shi da tsummoki don ya koyi zama, su jira sai wuyansa ya tsaya, kada su matse masa cinyoyi, kada kuma su bar shi shi kaɗai. Kakanni da unguwarzoma masu yi wa jariri wanka su guji jan ƙafafunsa da ƙarfi da nufin miƙe su. Lanƙwasar ƙafar sabon haihuwa halitta ce, da kanta take warwarewa. Wajen goyo ma akwai kula: zane ya tallafi wuyan ƙaramin jariri, hancinsa da bakinsa su kasance a fili. Shimfiɗa yaro a tabarma ya yi ta wutsil-wutsil ƙarƙashin idon babba yana da amfani ƙwarai.

YAUSHE ZA A JE ASIBITI?

Goyo rigakafi ne mai taimako, amma ba ya warkar da gaɓar da ta riga ta goce, kuma akwai yaran da ake haifa da wannan rauni. Ya fi samun 'ya'ya mata, da ɗan fari, da wanda ya zo ta ɗuwawu wajen haihuwa, da wanda wani a danginsa ya taɓa yi. Alamominsa su ne ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, ko cinya ɗaya ta ƙi buɗewa kamar 'yar'uwarta wajen canja tsumma, ko a ji gaɓar tana shiga tana fita, ko yaro ya fara tafiya da ɗingishi.

Tun 1937 wani likita na Italiya mai suna Ortolani ya bayyana yadda ake gane ciwon da hannu kawai. Saboda haka ranakun allurar rigakafi, watau bayan haihuwa da mako na 6 da na 10 da na 14, dama ce ta roƙon ma'aikacin lafiya ya duba kwatangwalon yaro. Idan an gano kafin wata 6, yawanci wani maɗauri mai taushi da likita zai sa wa jariri na 'yan makonni ya isa. In an makara, sai filasta ko tiyata. Wannan ba karaya ba ce, don haka ba aikin maɗori ba ne. Daga ƙaramin asibitin unguwa za a tura yaro Asibitin Ƙwararru na Yola ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, in ta kama kuma har Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.

Nauyin nan bai tsaya kan uwa kaɗai ba. Maigida ne zai ba da izni da kuɗin mota, kaka ce za ta koya wa sabuwar uwa ɗaurin majanyi. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah ya raya zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.