Kwalba Biyu: Ɗaya Daga Rijiya, Ɗaya Daga Randa

(Jawabin ma'aikatan ruwa da tsabta a taron dattawan ikkilisiya da zumuntar mata)

Mun gode da kuka bar aikin gona kuka zo. Yau kan ruwan sha za mu yi magana.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne a kasuwar hatsi, amma a bakin rijiya ido bai san kome ba. Ruwa zai iya zama garau, ba wari ba ɗanɗano, alhali yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ba a ganinsu sai da madubin likita. Su ne ke kawo zawo, atuni, taifot da kwalara, wato amai da gudawa. A shekarar 2021 kaɗai kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, akasarinsu a nan arewa.

Duk waɗannan cututtuka hanyarsu ɗaya ce. Ku gafarce mu, za mu faɗa a fili: kashi ne ke shiga ruwa. Saboda haka masu gwaji ba sa bin kowace cuta ɗaya bayan ɗaya. Suna neman wata ƙwaya mai suna Ikolai, wadda ke zama a hanjin mutum da na dabba. In an same ta a ruwa, to kashi ya shiga, kuma ƙofar da ta bi a buɗe take ga sauran. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha, wato kashi ɗaya cikin goma na lita.

Ga wannan 'yar kwalba a hannunmu. A cikinta akwai takarda da aka jiƙa da abincin ƙwayoyin cuta. A Indiya aka fito da wannan dabara a 1982, domin ƙauyuka irin namu da ke nesa da ɗakin gwaji. Ka wanke hannu da sabulu, ka buɗe ba tare da taɓa bakinta ko cikin murfin ba, ka zuba ruwa har zuwa layi, ka rufe. Ka rubuta sunan rijiyar da ranar, ka ajiye a ɗaki inda rana ba ta bugawa. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu ka duba. In ruwan ya yi baƙi, akwai matsala. Kwalbar gargaɗi take yi, ba ta faɗin sunan cutar, kuma wani lokaci ƙwayoyin ƙasa marasa lahani ma kan sa ta yi baƙi. Don haka in ta yi baƙi, mukan ɗebi sabon ruwa mu sa a cikin ƙanƙara, mu kai ɗakin gwaji a ranar. Amma kada kowa ya jira sakamako yana shan ruwan haka.

Me ya sa muka ce kwalba biyu? A wani ƙauye da muka yi aiki, an gyara rijiya, an yi mata dakali da murfi, amma yara ba su daina zawo ba. Mutane suka ce rijiyar ce. Muka gwada ruwanta, kwalba ta zauna yadda take. Muka shiga wani gida muka ɗebi na randa, washegari ya koma baƙi ƙirin. Uwargidan ta ji kunya ƙwarai, ga ta mace mai tsabta. Da muka zauna da ita sai muka gano: moda ɗaya ce, yara su sha su yar a ƙasa, a ɗauka a sake tsoma ta har da yatsu. Ruwa ba ya tsami banza. Kuma mu ma da laifinmu, domin mun gyara rijiya muka manta da randa.

In kwalbar rijiya ce ta yi baƙi, ku zagaya ku duba. Masai ya kasance aƙalla mita 30 daga rijiya, kuma ta gangare. A toshe tsagar dakali, a kori dabbobi, a rataye guga da igiya kada su kwana a laka. In ta randa ce, a wanke ta, a rufe, a keɓe moda mai dogon hannu ta ɗiba kawai.

Kafin a gama gyara, a tafasa ruwan sha ya yi ta ɓarɓara na minti ɗaya. In da maganin kilorin, a sa bisa ga awon da ke jikinsa, a jira minti 30. Alim yana kwantar da laka ne kawai, kada a dogara da shi don kashe cuta.

Roƙonmu biyu ne. Na farko, kowace ikkilisiya ta zaɓi mutum biyu, mace da namiji, mu koya musu gwajin, su yi shi da rani, su sake bayan ruwan farko na damina, lokacin da ƙazantar gari ke gangarawa rijiyoyi. Na biyu ya fi wuya: a faɗi sakamako a gaban jama'a, ko rijiyar gidan fasto ce, ko ta mai unguwa. A kuma gaya wa maƙwabtanmu da ba sa zuwa sujada tare da mu, gama guga ɗaya muke ja. Kunyar kwana ɗaya ta fi makokin yaro sauƙi.

Wanda yake so a fara da randarsa, ya same mu a ƙofa in an tashi. Allah ya kiyaye mana 'ya'yanmu.