Mai Ciki, Mussa da Ɗanyen Nama: Jawabin Ranar Bikin Ƙungiya

Uwar ƙungiya, iyayenmu mata, 'yan'uwa da kunka taso daga Wurno da Rabah da Goronyo, da mazajenmu da sunka ba mu izinin taruwa, sannunku da zuwa. Allah Ya maimaita mana.

Kowace shekara lissafin adashi da riba muke kawowa. Bana mun roƙi a ba mu ɗan lokaci kan wata magana da ta taɓa mu.

Bara ɗiyar wata daga cikinmu ta haihu, jinjiri lafiya lau a ido. Kafin a gama wankan jego kai ya fara girma, ido ba ya bin haske. Kun san abin da anka yi ta faɗi. Wasu sun ce iska, wasu maita, har anka ɗora wa abokiyar zamanta, gida ya rabu biyu. Sai da anka kai shi asibiti Sakkwato, anka ɗebi jinin uwa da na ɗa, sannan likita ya ce wata ƙwayar cuta ce ta shige ta tana da ciki. Sunanta toksofilasmosis. Mu da munka koyi karatu da girma, sai da munka maimaita sau uku kafin baki ya kama.

Ga abin da munka tambayo. Tun 1908 anka gano wagga ƙwaya a Tunisiya, kuma duniya duka tana nan. A hanjin mussa take hayayyafa, kyanwa ke nan, ta fito cikin kashinta. Mussa ta tona yashi ko ƙasar lambu ta binne, tumaki da awaki su ci da ciyawa, ƙwayar ta kwanta cikin namansu. Mu kuma mu same ta ta hanyar naman da bai dahu ba, da ganyen da ba a wanke ba, da ruwan rafi, da hannun da ya taɓa ƙasa ya koma baki.

Babba mai lafiya sau da yawa ba ya jin komai, ko ya ji ɗan zazzaɓi da kaluluwa a wuya, ya ɗauka masassara ce. Wadda ta taɓa kamuwa tun kafin ciki, galibi jikinta ya san ta. Haɗarin na ga wadda ta fara kamuwa tana da juna biyu. In ciki ƙarami ne, ba kasafai take kai ga ɗa ba, amma in ta kai ɓarnar ta fi muni: ɓari, ko haihuwar ɗa ba rai, ko ruwa a kai. In ciki ya tsufa ta fi saurin ƙetarawa, ɗa ya zo kamar lafiya, sai bayan shekaru ido ya raunana, ko kunne, ko farfaɗiya, ko karatu ya yi mai wuya. Ba kowane ɓari ko babban kai ne wagga cuta ba. Gwajin jini ne ke rabewa, kuma akwai magani in an gano da wuri. A Faransa duk wata ake auna mai cikin da ba ta taɓa kamuwa ba.

To, jama'a, mu dubi kanmu. Mu ne ke kasa latas da karas da tumatir na fadamar Wurno da na dam ɗin Goronyo, da ƙasarsu a jiki. Mu ne ke yanka naman layya, muna ɗanɗana hanta tana ja. Kwaɗayin ciki ya taso, a aiko mana tsire mai jini-jini, ko mu tauna farar ƙasa.

Kada wata ta koma gida ta kori mussa ko ta cuce ta. Addini ya hana, kuma ita ke tsare mana rumbu daga ɓera. Shafa ta ba shi ne babbar hanya ba. Kashin ne, kuma sai ya kwana ɗaya zuwa biyar kafin ya iya cutarwa. A kwashe shi kullum, amma mai ciki kada ta kwashe.

Iyayen miji, Allah Ya ƙara girma, nan muke roƙonku. Wata tara ne kawai. A ɗauke wa mai ciki sharar wurin mussa da gyaran ɗanyen nama. In dole ta yi, ta wanke hannu da wuƙa da sabulu. Nama ya dahu har ciki. Ganye a wanke shi da ruwa mai kyau. Ruwan rafi da madarar akuya a tafasa. A rufe yashin da yara ke wasa. Maigida, kai kuma a bar ta ta je awon ciki, ta buɗe baki ta tambayi malamar asibiti.

Muna kawo shawara gaban uwar ƙungiya: a ware wani abu daga ribar bana don kuɗin mota, domin duk 'yar ƙungiyar da anka tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta tafi kan lokaci, ba sai an sayar da akuya ba.

Jinjirin nan yana nan da rai, ana kai shi asibiti. Abokiyar zaman da anka zarga, ita ke goya shi. A nemi gafararta.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuri'a. Wassalamu alaikum.