Jawabi A Kan Haƙƙin Ƙasa A Gandun Itacen Turare

Itacen turare, wanda waɗansu ke kira zaiti, baƙo ne daga ƙasar Ostareliya, amma ya daɗe da zama ɗan gida. Akwai gandunsa a Afaka kusa da Kaduna, an dasa shi a kan tsaunin Jos domin raya filayen da haƙar kuza ta ɓata, an kuma jera shi tare da dogon-yaro a jihohin Kano da Jigawa don tare iska. Daga jikinsa ake samun falwaya da sandunan rufi da itacen wuta.

Ran da aka sare gandu, mota takan kwashe gumagumai, a bar ganye da ɓawo da ƙirare barkatai. Abin da aka saba shi ne a tara su a cinna musu wuta domin fili ya yi fes. To, a nan ɓarnar take.

Itace yana zuƙar iskar kabon ta ganyensa, ya gina jikinsa da ita. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, watau ainihin abin da ke zama gawayi. Idan aka bar ragowar sara ta kwanta a ƙasa, sai gara da tsutsotsi da ƙananan halittun da ido ba ya gani su yi ta cin ta. Mafi yawan kabon ɗin yakan koma iska a hankali, amma wani kashi yakan zauna, ya zama baƙin ruɓin nan mai riƙe laima da taki, wanda kowane manomi ya san shi a gindin tsohuwar bishiya. In kuwa aka ƙone, yini ɗaya kabon zai tashi cikin hayaƙi, ya tafi da naitirojin, sinadarin da manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun takin zamani. 'Yar tokar da ta rage, iskar hunturu ta ɗebe ta, ko ruwan farko ya wanke.

An gwada wannan a ƙasar Kwango-Barazabil, kusa da birnin Pointe-Noire, inda tun 1978 ake dasa turare a kan rairayi. Bayan sara, aka share wani fegi tas, aka bar wa wani ragowarsa, aka ninka wa wani. Itatuwan fegin da aka share suka tsumbure, na wanda aka ninka wa suka fi duka girma. A Birazil kuma an auna an ga kabon saman ƙasa ya ragu inda aka kwashe ragowa sara biyu a jere. Abin ba ya bayyana a shekara guda, shi ya sa mai gandu ke ruɗuwa. Ƙasar laka takan ɗaure kabon ta riƙe, amma jigawa irin ta arewa mai nisa ba ta da wannan ƙarfi. Abin da aka hana ta bana, sai ta rasa shi.

Ba a manta da matan ƙauye masu neman makamashi ba, kuma hana su ba adalci ba ne. Manyan rassa a ba su, domin takin da ke cikinsu kaɗan ne. Ganye da ɓawo da ƙananan ƙirare su ne rabon ƙasa, don haka a ɓare gungume a inda ya faɗi, kada a kai shi wurin lodi da ɓawonsa.

Saura maganar gobara, wadda ita ce hujjar masu ƙonawa, kuma hujja ce mai ƙarfi, gama ganyen turare mai ne da shi, yana kama wuta nan take. Maganinta shi ne a shimfiɗa ragowar tsakanin layuka maimakon a tsiba ta, a janye ta daga kan kututture don toho ya samu fitowa, sa'an nan a nome hanyar tare wuta kewaye da gandun da zarar damina ta ɗauke, tun ciyawa ba ta bushe ba.